Alhaji Filashi da Baƙaƙen Hotuna

Allah ya yi wa Madarumfa kyauta biyu: tafki da Alhaji Shu'aibu. In ka tambayi Alhajin wanne ya fi amfanar jama'a, sai ya sunkuyar da kai irin na masu kunya, ya ce ai tafkin ma yana iyakar ƙoƙarinsa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar hoto a shagonsa na bakin tasha, Studiyo Hasken Duniya. Duk wanda ya yi katin ɗan ƙasa a garin nan, ko ya ci jarrabawa, ko ya sayi sabon keke, ya zauna gaban labulen nan mai zanen jirgin sama da bishiyar kwakwa. Fitilu huɗu ne a shagon, ga kuma wata 'yar walƙiya a kan kyamara wadda 'yan lekol, wato 'yan makarantar boko, ke kira filashi. In Alhaji ya danna ta, mutum sai ya fito yana lalube, yana ganin taurari har ƙofar gidansu. Daga nan suna ya bi shi: Alhaji Filashi. Matan unguwa na ce masa Walƙiyar Rani. Shi kuwa a katinsa ya sa an buga masa da manyan baƙaƙe: Masanin Haske.

Iliminsa kaf bai fi numfashi ɗaya ba. “Hoto haske ne,” in ji shi, “duhu kuwa kuskure ne.” Kuma a yi masa adalci, ya yi aiki da iliminsa. A hotunan Alhaji babu baƙi, babu mai ƙuraje, babu tsoho. Kowa fari fat, sumul kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare. Bagobiri ya shiga da tsagarsa tun daga gefen baki har kunne, ya fito babu ko layi ɗaya. Hanci ma sai mai rabo. Ido biyu dai kowa yana samu, don Alhaji ba ya tauye haƙƙin mutum.

Mai neman shaida ya shiga ɗakin Delu, yayar Alhaji. Dangi goma sha ɗaya ne jere a bango, kuma ta wurin ɗankwali da hula take gane su. Na tsakiya, mai firam ruwan zinariya, mahaifiyarsu ce marigayiya Inde: farin faifai mai ɗigo biyu. An taɓa samun wani hoton nata, ranar sunan Hadiza, autar Delu. Ran nan filashi ya ƙi tashi, hasken ƙofa kaɗai ya bugi gefen fuskar tsohuwa. Hoton ya fito da duhu, amma kowace tsaga tana wurinta, har ɗan tabon da ƙahon saniya ya bar mata a haɓa. Alhaji ya duba, ya ce wannan ɓata suna ne, ya yaga shi biyu ya saki ƙasa. Haka yake yi da duk hoton da bai kai ba: ya yaga, ya saki, ya wuce. Sunkuyawa ba aikin masani ba ne. Delu ce ke biyo baya da tsintsiya, ita kuwa ba ta iya zubar da fuskar mutum. Har yau akwai wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gadonta, cike da yagaggun dangi.

Da wayar salula ta shigo gari kowa ya zama mai hoto, Studiyo Hasken Duniya ya koma shagon cajin waya. Wani da sai ya faɗi. Alhaji sama ya yi. Aka zaɓe shi shugaban kwamitin da ke lura da gidan likita, a wani taro da aka yi ranar ruwan sama, mutum shida suka zo, huɗu surukansa ne. Ya sayi farin tabarau da biro uku. Ya karɓi damin makullai ya rataya a ƙugu, yana tafe suna kaɗawa kamar jakin mai gishiri. Daga ran nan ba ya amsa sallama sai an ce Farzidan, wato shugaba.

A gidan likitan nan Hadiza take aiki, a ɗakin awo da ake kira labo. Wanda ya san tafki ya san tsargiya. Yara na wanka, masunta na yini cikin ruwa, tsutsa na shiga jiki, sai a wayi gari fitsari da jini. Magani akwai, amma ƙauyen da awo ya nuna cutar ta yi yawa shi ake fara kai wa. Awon kuwa idon Hadiza ne. Ta tace fitsari, ta ɗora abin da ya rage a kan ɗan gilashi, ta kafa ido a madubin likita. Abin da madubin ke nuna mata a kallo ɗaya bai fi kan allura ba. Sai ta gusa, ta ƙirga ƙwan tsutsa, ta gusa, ta ƙirga, har ta zagaye gilashin. Yaran lekol na ƙauyukan bakin tafki sun haura dubu. Kullum takan koma gida ido jajur, ta kwanta Delu ta ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma a goshi.

Ana nan sai ga wani injiniya daga Yamai, siririn saurayi mai suna Abdurrahman, da kwali a bayan mota. A cikin kwalin akwai baƙin akwati da ordinatar, abin da 'yan Ɗan Issa masu tsallaka iyaka ke kira kwamfuta. Aka tara ma'aikata da 'yan kwamiti, injiniya ya buɗe akwatin ya yi bayani a tsanake.

Ya ce madubi iri biyu ne. Mai ƙarfi yana ganin ƙanƙanin abu tar, amma wuri kaɗan yake kamawa. Mai rauni yana kama gilashin gaba ɗaya, amma dishi-dishi. Wannan na'ura mai raunin ta ɗauka, sai aka shimfiɗa mata faranti a ƙasa mai 'yan ƙananan fitilu ɗari biyu da ashirin da biyar. Fitila ɗaya ta kama, a ɗauki hoto, ta mutu, ta kusa da ita ta kama. Ashirin da biyar na tsakiya suna haskowa kai tsaye, hotunansu farare ne. Sauran ɗari biyun daga gefe suke haskowa, haskensu ba ya shiga madubin sai ɗan abin da ya bugi bakin ƙwai ya karkato, don haka hotunansu baƙaƙe ne da 'yan ɗige-ɗige. To a cikin baƙaƙen nan ƙananan siffofi suke ɓoye. Ordinatar ta tattara su duka, ta yi lissafi ta sake, ta yi ta sake, har ta fitar da hoto guda mai faɗin gilashin duka, wanda kuma duk inda ka matso da shi za ka ga abu tar. Daga nan ita da kanta ta ƙirga ƙwan.

Hadiza ta rubuta kowace kalma. Alhaji kuwa yana zaune a kujera mai hannu, leɓɓansa na motsi, yana haddace jawabin da zai yi. Kalma biyu kacal suka shiga kunnensa: fitila da hoto. Sun kuwa ishe shi.

Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya jira har makullai suka daina kaɗawa.

“Jama'a,” ya ce, “wanga abu ba baƙo ba ne gare ni. Tun kafin a haifi wanga yaro nike wanga aiki. Bambancin kawai, ni da fitila huɗu nike gamawa. Su kuwa sai da suka tara ɗari biyu da ashirin da biyar, saboda ƙarancin gwaninta. Ba laifinsu ba ne. Ba su zo sun tambaya ba. Amma tunda Allah ya kawo na'urar garin da akwai masani, wala, in ji masu lekol, ta iso gida.”

Surukai huɗu suka tafa.

Kafin ya koma, injiniya ya faɗi sharaɗi. Na'urar gwaji ta zo. Ranar Alhamis ta sama zai dawo da shugabarsu, Dokta Bilki. Kafin nan Hadiza ta ƙirga gilashi arba'in da idonta, ta rufe adadin a ambulan, sannan ta ɗauki hotunansu da na'ura ta ajiye. Haɗa hotunan sai a gaban Dokta, don kada a ce an yi gyara. In lissafin na'ura ya dace da na ambulan, na'ura ta zama ta Madarumfa. In bai dace ba, a mayar da ita kwali a kai wani gari, Hadiza ta koma wa kan allurarta.

Washegari da hantsi Alhaji ya iso labo, ɗauke da ɗaya daga cikin fitilun studiyo, mai farar laima da doguwar ƙafa. Ya tarar Hadiza ta rufe na'ura da baƙin murfinta, ta ja labule. Ransa ya ɓaci. A gabansa, a ƙarƙashin shugabancinsa, ana ɗaukar hoto cikin duhu kamar kayan sata. Ya kai hannu zai ɗaga murfin.

“Kawu, don girman Allah kar ka buɗe. Duhu take so.”

“Duhu? Ɗiyata, ni na ɗauki hoton sunanki.”

“Na sani, Kawu. Yana nan cikin kwalla.”

Bai gane ba, bai kuma tsaya tambaya ba, yana neman inda zai jona fitila. Hadiza yarinya ce da ta tashi a hannun Delu, ta san kawunta ba a hana shi abu, sai dai a ba shi wani. Ta rage murya.

“Akwai aikin da ya fi wannan nauyi, na rasa wanda zan ba. In tebur ya girgiza ko kaɗan ana cikin ɗauka, hotunan ba za su haɗu ba. Ana son mutumin da in ya ce kar a motsa, ba a motsawa.”

Alhaji ya ajiye fitila a hankali. Shekara talatin da ɗaya yana faɗin kalmomin nan uku, sai yau kimiyya ta gano darajarsu. Kafin azahar ya sa an manna takarda a ƙofar labo: Daraktan Natsuwa.

Madarumfa ba ta taɓa ganin natsuwa irin ta makon nan ba. Ya hana amalanke bi ta bayan katanga. Ya hana mai shara tari. Ya aika gidan maƙwabta a dakatar da daka. Wata mai naƙuda ma an ce ya leƙa ya roƙe ta ta sassauta. In Hadiza za ta danna maɓalli, sai ya tsaya a kan na'urar, ya ɗaga yatsa, ya daka wa gilashi tsawa:

“Atansiyo! Kar a motsa! Murmushi kaɗan!”

Yana cikin wannan ne wata safiya Gwamna ya shigo. Gwamna tsohon masunci ne, daga gidan da har yanzu suke bin al'adar kakanni, su ne ke kai wa tafki abinsa in shekara ta zagayo. Tare suka tashi da Alhaji, a akushi ɗaya suka ci tuwon Inde, shi ya sa duk garin, ban da Delu, shi kaɗai ke kiransa da sunan yanka. Jikokinsa uku suna cikin yara arba'in ɗin gwaji. Ya tsaya a ƙofa da kifi biyu a igiya, ya kalli Daraktan, ya kalli akwatin.

“Shu'aibu, fitsarin ne za shi yi murmushi?”

“Fita, kana girgiza iska.”

“To. Ga kifi na kawo ma ɗiyar Delu. Su dai ba su motsi, ka iya ɗaukarsu.”

Ranar Laraba da tsakar rana Hadiza ta gama gilashi na arba'in. Ta liƙe ambulan, ta zuba gilasan a ruwan kashe cuta kamar yadda ƙa'ida ta ce, ta hau moto, wato babur, zuwa ƙauyen Sarkin Yamma kai wa lekol-lekol kofunan awo. Makullin labo kuwa, kamar kowane makulli, yana ƙugun Farzidan.

Ba da mugun nufi ya shiga ba, wannan kowa ya shaida. Shugaba ne, gobe manyan baƙi za su zo, ya wajaba ya duba aiki. Ordinatar kuma ba baƙuwarsa ba ce. A shekarun ƙarshe na studiyo ya riƙe linzaminta, ya ƙware a abu biyu: buɗewa da gogewa. Ya gyara tabarau, ya buɗe jakar hotunan gilashi na farko.

Sai da ya dafe tebur, shi da ya hana kowa taɓa shi.

Baƙi. Baƙi. Baƙi. Layi bayan layi, kamar an jera gawayi. Can a tsakiya wasu 'yan farare ashirin da biyar sun takure kamar baƙi a gidan makoki. Ya buɗe jaka ta biyu, haka. Ta goma, haka. Ya cire hula ya share zufa. Tausayin Hadiza ya kama shi. Yarinya ta ɓata aiki, kunya ta hana ta faɗi. Ai ya gaya mata duhu kuskure ne. Gobe Dokta za ta buɗe wannan a gaban jama'a, a tambaya wa ke shugabanci a nan, a ce Masanin Haske. Labari ya kai Maraɗi, ya kai Yamai, ya tsallaka Katsina.

“Ba a gidanmu ba,” ya ce da ordinatar. “Ba ina raye ba.”

Ya naɗe hannun riga. Ya zaɓa, ya goge. Ya zaɓa, ya goge. Ɗari biyu a kowace jaka, jaka arba'in. Aka kira la'asar yana jaka ta goma sha tara, ya yi salla a gaggauce a gefen tebur ya koma fagen fama. Yatsansa ya kumbura, wuyansa ya ƙage, bai fasa ba. Rana na shirin faɗawa tafki ya goge na ƙarshe. Hoto dubu takwas cif. Ya koma baya ya duba aikinsa: jaka arba'in, kowace fara tas, kamar bangon ɗakin Delu. Idonsa ya ciko. Ya yanke shawarar ba zai gaya wa Hadiza ba, don alheri ya fi daɗi in ya zo ba zato.

A hanyar gida ya leƙa wurin yayarsa. “Yaya, gobe ki sa zanen salla ki zo gidan likita. Za ki ji ana kiran sunan gidanmu.”

Delu ta dube shi, ta dubi kumburarren yatsan. “Mi ka yi, Shu'aibu?”

“Gyara.”

Delu ta bi shi da kallo har ya fita. Ta dai san kalmar.

Alhamis da hantsi labo ya cika. Dokta Bilki mace ce mai ƙarancin magana da yawan duba agogo. Ta karɓi ambulan ta ajiye a gabanta, ta ce a fara. Injiniya ya kai hannu ga linzami, sai makullai suka kaɗa. Farzidan ya miƙe cikin riga mai aska takwas.

“Madam Dokta, manyan baƙi, 'yan kwamiti. Ni ba mai son a yabe ni ba ne, kowa ya sani. Amma gaskiya in an ɓoye ta, matasa ba su koyo. Jiya na duba aikin wagga na'ura, na tarar cikin kowane hoto tara, takwas sun ƙone. Ban zargi kowa ba. Ɗiyata yarinya ce, injiniya yaro ne, na'ura kuwa ƙarfe ce. Na zauna ni kaɗai, tun azahar har faɗuwar rana, na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Dubu takwas. Ga yatsan nan. Abin da za ku gani yanzu zaɓaɓɓe ne, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi. Wala.”

Surukai huɗu suka tafa. Su kaɗai.

Alhaji ya lura injiniya ya zauna ba tare da ya duba ko akwai kujera ba, ya ɗauka girman alherin ne ya kashe masa ƙafa. Ya lura Hadiza ta rufe baki da hannu biyu, ya gyaɗa mata kai alamar ba komai, tsakanin kawu da ɗiya babu godiya.

“Alhaji,” in ji injiniya da wata siririyar murya, “baƙaƙen ka goge?”

“Kaf.”

Dokta ta ce a haɗa abin da ya rage a gani. Ordinatar ta yi ƙorafin hotuna sun ɓace, aka tilasta mata, ta yi ɗan lissafinta ta fitar da gilashi na farko. Fari fat. Sumul. Can wajen tsakiya akwai ɗigo biyu masu duhu-duhu, ba a san ko ƙwai ne ko ƙura ba. Ƙwan tsargiya da 'yar ƙaya a gindinsa ake gane shi, a nan kuwa babu ƙaya, babu gindi. Na'ura ta duba ta duba, ta ce ba ta ga abin ƙirgawa ba.

“Kun ga tsabta?” in ji Alhaji.

Dokta ta tambaya ko gilasan suna nan a sake ɗauka. Hadiza ta ce suna cikin ruwan magani tun jiya. Dokta ta duba agogo, ta ce ita ba ta ga laifin na'ura ba, amma ba za ta sa hannu a kan gwajin da ba a yi ba, kuma wani gari na jira. Ta ce da direba ya shigo da kwali.

Sai a lokacin Alhaji ya fara gane abin da ya yi. Ya ga kwali ya shigo. Ya ga Hadiza ta kalli tsohon madubinta da ke kan kanta, ta murza ido. Ya nemi jawabi a cikinsa, karo na farko a rayuwarsa ya tarar babu.

Direba ya fara warware igiya. Hadiza na tsaye, idonta a kan mahaifiyarta da ke rakuɓe a bakin ƙofa cikin zanen salla. Ta daɗe tana kallonta. Sai ta juyo.

“Kawu, da ka gama gogewa, ka zubar da kwandon?”

“Wane kwando?”

“Kwandon shara.”

Nan jawabi ya dawo masa gaba ɗaya. Ya miƙe tsaye har hula ta karkace.

“Shara? Ni? A gaban baƙi kike tambayata ko na zubar da shara? Hadiza, tunda Inde ta haife ni, hannun nan bai taɓa kwandon shara ba! Ni mai fitar da aiki ne, ba mai kwashe shi ba!”

“Gaskiya ya faɗi,” in ji Delu daga ƙofa. “Ni ce shaida.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Hadiza.

Ta ja linzami zuwa can ƙuryar allo, inda wani ɗan zanen kwando yake zaune, wanda Masanin Haske ya shekara da shekaru yana ɗauka ado ne. Ta buɗe. Ga su nan kwance, dubu takwas, baƙi ƙirin, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ta ce su koma inda suka fito, suka koma. Injiniya ya yi wata dariya mai kama da kuka. Direba ya tsaya da igiya a hannu, ya dubi Dokta, Dokta ta daina duba agogo.

Aka sake haɗa gilashi na farko. Wannan karon ordinatar ta ɗauki lokaci. Hoton ya fara fitowa dishi-dishi, yana washewa kaɗan-kaɗan kamar ruwan tulu in laka ta kwanta. Ga gilashin nan duka, daga baki zuwa baki. Hadiza ta matso da ɗigo na farko har ya cika allo: ƙwai ne, ga ɓawonsa, ga 'yar ƙayarsa tsaf. Ta matso da na biyu, ashe zaren auduga ne ya dunƙule. Aka bi gilashi arba'in, aka yaga ambulan. Talatin da tara sun dace. A na arba'in Hadiza ta rubuta babu, na'ura ta ce akwai ɗaya, can a bakin gilashi inda gajiyayyen ido ba ya kaiwa. Aka matso, ga shi kuwa da ƙayarsa. Na ƙaramar jikar Gwamna ne. Ran nan aka ba ta magani.

Dokta Bilki ta sa hannu. Kwali ya koma mota wayam.

Mutum zai zaci Farzidan zai sulale ta ƙofar baya. Wanda ya zaci haka bai san manyan mutane ba. Kafin a gama tafi ya gyara hula, ya matso kusa da Dokta.

“Madam ta gane dabarar, ko? Gwaji na yi musu. Na'urar da ba a jarraba ta da wuya ba, ba a san ƙarfinta ba. Na ji daɗi, yaran sun ci.”

Dokta ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce lalle ta ƙaru, kuma tana son a buga hoton gilashin farko iri biyu a kafa a bangon labo, don duk ma'aikacin da za a turo koyon aiki ya fara da su. A ƙarƙashin ɗaya a rubuta: hotuna ɗari biyu da ashirin da biyar. A ƙarƙashin ɗayan: hotuna ashirin da biyar, zaɓin Alhaji Shu'aibu.

Alhaji ya ce nasa kada a manna shi da ƙusa kamar kalanda. Ya je gida ya tono firam ruwan zinariya, ragowar kayan studiyo, ya saka shi da hannunsa. Tun daga ran nan, duk baƙon da ya shigo gidan likita, ko ciwon haƙori ya kawo shi, sai an kai shi gaban bango. Alhaji ya nuna na hagu ya ce wannan na yara ne, ka ga duk tarkace. Ya nuna na dama ya yi shiru, ya bar aiki ya yi magana.

Hadiza kuwa yanzu gilashi sittin take gamawa kafin la'asar, ta koma gida da idonta fari. Tsumman goshi ya koma goge fitila. Makullin labo yana wuyanta, ta ce wa kawunta nauyin ya yi wa ƙugunsa yawa, likita ya hana.

Ranar kasuwa Gwamna ya zo godiya da kifi huɗu. Alhaji ya tare shi tun daga ƙofa, ya kama hannunsa, ya kai shi gaban firam.

“Kai da ka raina ilimi, duba nan. Karanta sunan da ke ƙasa. Au, na manta ba ka yi lekol ba. To duba hoton kawai, ka faɗi abin da ka gani.”

Gwamna ya ajiye kifi. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya ƙanƙance ido. Farin faifai, ɗigo biyu, firam ruwan zinariya. A hankali ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

“Wayyo, Inde,” ya ce. “Baiwar Allah mai tuwo da yawa. Kai, Shu'aibu, hannunka bai canza ba. Ta fito sak yadda ka ɗauke ta.”